Sunan da Kurame Suka Sa wa Farfesa

Tun da aka ƙirƙiro gilashin da ke rubuta maganar hannu da ta baki, Farfesa Tabawa ta daina kallon kurame, rubutu take karantawa.

Ranar da makarantar kurame ta karrama ta kan bincikenta na koya wa yara karatu, ta tambayi tsohuwar ɗalibarta Lantana, "Wane suna yaran yanzu suka sa mini da hannu? A zamaninku tafi a ƙirji ne."

"Malama, a bar maganar."

"Nuna mini."

Lantana ta nuna idanunta da yatsu biyu, ta karkatar da su gefe. Gilashin ya rubuta: Ba ta kallonmu.

Tabawa ta cire gilashin. Hannuwan Lantana suka ci gaba da magana, ƙila haƙuri take ba ta. Ko kalma ɗaya Tabawa ba ta gane ba.