Gadon Bayan Yaya

Sai da aka yaye ƙyallen da ya rufe zanena na lura da wanda ƙungiyar mata ta gayyato ya buɗe baje kolin. Mijin yayata ne, babban dillalin shinkafa a Haɗejiya.

Zanen gadon bayan mace ne, babu fuska. Da jan yumɓun bakin kogi da lalle na fitar da kowane tabo, yadda na gan su ranar da Yaya ta gudo gida nake gasa mata jiki da ruwan zafi. Ba a jima ba aka ba ta haƙuri, aka mayar da ita ɗakinta.

Mijin nata ya karɓi lasifika ya ce duk wanda ya ɗaga wa matarsa hannu bai cika namiji ba, har da share ƙwalla da bakin babbar riga. Zauren ya ɗauki tafi. Yaya tana sahun gaba cikin sabon leshi, ita ma tana tafawa, idonta a ƙasa.

Da aka zo ɗaukar hoto ya matso kusa da ni. Na ɗauka bai gane ba. Ya daɗe yana duban zanen, sannan ya rage murya, yana yi wa mai hoto murmushi.

"Auta, kin iya zane. Ni zan saya in rataye a falo," in ji shi. "Amma ki gyara, wannan dogon tabon a kafaɗar hagu yake."