Hannun Da Ɗan Dambe Ya Ɓoye

Sau biyu ke nan ina tambayarka kana ce mini lafiya lau. To, ba zan matsa maka ba. Gyara zama dai in ba ka misalin wani saurayi da na daɗe ina juya lamarinsa a raina.

Ɗan dambe ne, ɗan gidan mahauta, bai cika shekara ashirin ba amma tuni makaɗa suka fara saka sunansa a waƙa. Abin da ubangidansa ya fara koya masa, tun kafin naushi, shi ne kada fuska ta tona asirin jiki. In an same ka a haƙarƙari, yi dariya. In ƙafarka ta yi sanyi, taka rawa. Abokin karawa ba abin da yake nema sai inda ke maka ciwo, in ya gano kuwa, nan zai tare. Saurayin ya haddace wannan karatu har ya fi mai koyarwar.

Da kaka ta yi aka gayyace su wasa wani gari mai nisa. Suka cika mota ɗaya, 'yan ɓangarensa da na ɓangaren hamayya, tunda mota ba ruwanta da gabar fage. Wanda ya zauna kusa da shi kuwa shi ne wanda za a haɗa su, wani dogo da ya girme shi, wanda ya sha kai mazaje ƙasa. Bayan la'asar, suna tsakiyar gudu a babbar hanya, tayar gaba ta fashe. Motar ta wuntsila sau uku ta kwanta cikin gonar dawa. Saurayin bai san yadda aka yi ya fito ba. Ya dai farfaɗo ya ga kansa zaune a kan kunya, ga kalangu a fashe a gabansa, ga mutum biyu an rufe su da zane. Ya shafa kai, ya shafa ƙirji, ya motsa ƙafafu, yana mamakin yadda ƙarfe ya lanƙwashe amma shi ko ƙwarzane babu. Sai da ya dafa ƙasa zai tashi ya ji wani abu ya soke shi a wuyan hannun dama, hannun da ake ɗaure masa, wanda shi ne gonarsa kuma shi ne sunansa.

Ƙaramin asibiti aka kai su, likita ɗaya, masu zubar jini sun fi goma. Aka kwantar da shi a gadon da ke kusa da na dogon, wanda aka ɗinke wa goshi. Likita ya zo ya tambaye shi inda ke ciwo. Nan ne abin yake ɗaure mini kai har gobe: mutumin da ya fito daga bakin mutuwa awa guda da ta wuce, me ya rage masa na ɓoyo? Amma shi lissafinsa daban. Ga kunnen abokin karawa taku biyu tsakani. Sai ya ce kafaɗar hagu ce ta ɗan bugu. Likita bai tsaya nan ba, ya bi gaɓoɓinsa yana latsawa, har ya kama wuyan hannun ya matsa. Zafi ya kai masa har ƙwaƙwalwa, amma ya saki murmushin nan na fage. Likita ya ce Allah ya tsare shi, ya wuce wurin masu kuka. Saurayi ya koma gida yana jin ya yi wayo.

Ya yi ta shafa man zafi a ɗaki, kumburi ya sauka, ciwo ya yi likimo. Bayan wata uku aka sake haɗa wasan. Naushinsa na farko ya sami dogon a kafaɗa, amma mai naushin ne ya durƙusa. A babban asibiti hoto ya nuna wani ɗan ƙashi, bai fi ƙwallon dabino ba, ya tsage tun ranar hatsarin. Likitoci suka ce da an ɗaure shi a lokacin, wata biyu ya isa. Yanzu hannun zai riƙe wuƙar fawa, zai kai loma baki, amma shi da dambe sai dai kallo.

Dogon ya zo gaishe shi. Saurayin, da abin ke cinsa, ya tambaye shi ko ya taɓa zargin hannun. Sai dogon ya ce:

"Ƙanena, ai ni na jawo ka ta taga. Wannan hannun na kama, kana sume amma sai da ka yi ƙara. Da na ji abin da ka gaya wa likita, bango na juya na yi kamar barci ya ɗauke ni, don ka samu ka kira shi ka faɗa masa gaskiya. Na jira har aka sallame ka."

Ka ga, wanda yake ɓoye wa ya riga ya sani, wanda ya ruɗa kuwa shi kaɗai ne mai gyaran. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.