Buhun Algus a Kan Tsauni

Tun da aka yi wa rana rumfa a sama don rage zafin duniya, dusar ƙanƙara ta samu wurin zama a tsaunukan Filato. Doka ta hana kowa gangarawa sai da izinin mai duba, kuma mai dubar yau Barira ce, 'yar Alhaji Tanimu, tsohon dillalin hatsi.

Alhaji ya ɗaura katakon sulu na zamewa kan ƙanƙara a ƙafa, yana sauri ya samu sunan jikansa a ƙauyen da ke gindin tsauni. Bazara ta shigo, ƙanƙara sai sheƙi take. Barira ta haƙa rami, ta zura hannu har kafaɗa, ta damƙo ta ƙasan. Sai ga ta tana tsiyaya ta tsakanin yatsu kamar gero.

"Baba, buhun algus ne. Sama kyau, ƙasa ba abin da ya riƙe ta. Ka taka, ta zaftare da kai."

"Ke! Ni da na koya miki zura hannu a buhu?"

"Shi ya sa."

Can ƙarƙashin ƙafafunsu ƙanƙarar ta yi wani nishi kamar ajiyar zuciya. Alhaji ya kwance katakon, ya juya ga masu jira a bayansa, yana gyara zaman hula.

"Kowa ya koma. 'Yata ta ce a'a, ni kaina ban isa ba."