Shekarar da Labbo Ya Ƙare a Benci

Ƙwallo ta huɗu ta faɗa ragarsu, gola ko motsi bai yi ba, ya gaji da faɗuwar banza. Olumide, kyaftin ɗin ƙungiyar, ya juya ya dubi benci. Labbo na zaune inda ya saba zama, takalmi a ɗaure tsaf, jesinsa ko ɗigon gumi babu.

A shekarun tamanin ne, lokacin Birnin Kebbi na ƙarƙashin Jihar Sakkwato, a wata kwalejin horar da malamai da ke bayan gari. Ƙungiyar ƙwallonsu ta zama abin dariya a wannan shekarar. Duk makarantar da ta zo sai ta ɗebi rabonta ta tafi. Hatta masu sayar da rake a bakin fili sun daina yi musu ihu, sai dai jaje.

Abin haushin, maganin ciwon nasu yana zaune a gefe. Labbo Argungu ake kiransa, don a lokacin ɗalibi da sunan garinsu yake amsawa. A hannun kakanninsa ya tashi, cikin fadamar shinkafa, laka ta gina masa ƙafafu. A wajen atisaye sai mutum uku su taru a kansa su tashi a tutar babu. Shekarar da ta gabata shi ya riƙa ci musu wasa.

Sai aka turo musu sabon malamin wasanni, Malam Hammadu. Mutum ne mai kunya da kawaici, ba zagi, ba duka, kowane ɗan wasa yana jan sa da raha. Labbo kaɗai ne ba ya kallo. Ranar wasa idan ya tsaya kiran waɗanda za su shiga fili, zai kira kowa, har Tamba mai ciwon gwiwa, amma ban da Labbo. In ta kama dole sai ya ce, "A ce ma wancan shi kwashe ƙwallaye."

Ɗalibai suka yi ta lalube. Wasu suka ce rikicin gona ne tsakanin dangi, wasu suka ce sharri aka kai. Olumide, ɗan 'yan kasuwar Yarabawa da aka haifa a garin, ya tsare Labbo ya fi a ƙirga. Amsa ɗaya yake samu: "Ka bar maganag ga." Kuma duk da haka, in sun haɗu a hanya, Labbo sai ya durƙusa har ƙasa ya gaida Malam, shi kuwa ya amsa yana duban wani gefe.

Haka aka yi ta lallasa su har wasan ƙarshe, wanda ya faɗo a Argungu. Labari ya zo cewa masu zaɓen 'yan wasan jiha za su taso daga Sakkwato su kalla. Shekarar Labbo ta ƙarshe ke nan a kwaleji. In ba su gan shi ran nan ba, babu wata ranar.

Garin ya cika fili don ɗansu. Har kakansa aka kawo, tsoho da sanda, aka ba shi kujera a inuwa. Aka kira sunaye, babu Labbo. Kafin hutun rabin lokaci an zura musu biyu, jama'a na ta kiran sunansa kamar fili zai tsage.

Olumide ya iske Malam Hammadu, hawaye na neman zubo masa.

"Malam, don girman Allah ka sa Labbo. Mutanen Sakkwato sun zaka. Yau ɗai ta rage mai."

Malam ya dubi ƙasa. Ya ɗago ya buɗe baki, ya dubi taron, ya dubi tsohon da ke inuwa, ya fasa faɗin sunan da ya zo masa baki.

"Tamba, tashi ka shiga," in ji shi.

Biyar da nema aka tashi. Mutanen Sakkwato ba su ma jira ƙarshe ba. Labbo ya kwance takalminsa a hankali ya rataya a wuya, kuma bai sake taka leda ba, gona ya koma. Olumide bai taɓa jin baƙin ciki irin na ran nan ba. Ya rantse shi da gaida Malam Hammadu har abada, ya tattara ya tafi Legas da abin a ransa.

Bana ya dawo da furfura, ya karɓi shagon mahaifinsa a unguwar Badariya. Bai daɗe ba ya ji Malam Hammadu ya rasu, ana zaman makoki a Argungu. Da ƙyar matarsa Bolanle ta lallashe shi ya hau mota.

Tabarmi sun cika ƙofar gidan. Can gaba ya hango Labbo, ya tsufa, idanu jajir, mutane na layi suna miƙa masa hannu. Olumide ya zauna kusa da wani dattijo, aka shafa fatiha, sannan ya kasa haƙuri ya raɗa masa.

"Kai, Labbo na da haƙuri. Mutumin da ya toshe mai hanyar ci gaba, ko sunanai bai taɓa kamawa ba, amma dube shi yadda yake kuka."

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai baƙo na, ko? Ina ka taɓa jin mai kunya ya kama sunan ɗan farinai, balle shi fidda shi gaban jama'a a yaba?"