Wardin da Ya Buɗe a Hanya

Da aka yanke igiyar kwalayen, manomiyar furen ta ga wardin duk ya buɗe. Kwana biyu motar da ta ɗauko su ta yi a lalace tsakanin gonarta da birnin Duwala.

Dillalin kasuwar furanni ya zari ɗaya ya girgiza, ganyen furen ya zubo.

"Mama, kin tsufa a sana'ar nan. A rufe ake sayen wardi. Wannan ba zai kai gobe ba."

"Wa ya ce dole sai ya kai gobe?"

"Kowa ya sani," ya ce yana dariya. "Kwashe ki ba awaki."

Wahalar wata uku ce, ba za ta zuba ta a kwata ba. Ta zauna bakin titi da wayar ƙarfe da ganyen kwakwa, tana lanƙwasawa tana ɗaurewa, ƙaya na yagar yatsunta, har ta haɗa kambin fure talatin.

Ranar kuwa Juma'a ce, ranar da ake fitar da gawawwaki a garin, dangi na sayen kambin fure don jana'iza. Kafin rana ta take, saura ɗaya a hannunta a ƙofar mutuware, ɗakin ajiye gawa. Wata mata cikin baƙaƙen kaya, da ta zo ɗaukar gawar mijinta, ta rungume kambin.

"Zai daɗe kuwa, Mama?"

"Zai raka shi har inda za shi, 'yata. Nan da yamma ne."