Kunnuwan Bangon Baya

Littafi na talatin take yi wa kunnuwa lokacin da na kama ta.

Shekara biyu na yi ina zana littafin nan na yara, labarin wani zomo mai jin kunyar dogayen kunnuwansa har ya zo ya ƙaunace su. Da safe aka kawo kwafi ɗari daga maɗaba'a, gobe zan kai makarantu. Sai ga 'yata mai shekara shida a kan kwali da jan biro, tana bin hotona na bangon baya tana ƙara masa kunnuwa fato-fato.

"Ke! Wace irin ɓarna ce wannan?"

"Gyara nake yi, Baba. Masu bugawa sun manta da kunnuwanka."

Ba su manta ba. Ni na lallaɓi mai hoto ya rage su a kwamfuta.

Na ce, "Ai sun fi kyau a haka."

Ta ajiye biron, ta shafa nata, waɗanda ta gada daga wurina ba ragi. "Nawa ma sai an rage?"

Mamanta ta harɗe hannu a bakin ƙofa. "Malam marubuci, muna sauraro."

Na tuɓe hular da kullum nake ja har wuya, na zauna a ƙasa, na jawo kwalin.

"Saura saba'in. Miƙo min biro ɗaya. Kuma dube ni da kyau, kin yi su ƙanana."