Gaisuwar Na'urar Asibiti

Tun da aka damƙa wa na'ura rabon gadajen asibiti, duk majinyacin da ya ce da sauƙi sallamarsa take yi. Kafin ta iso gadon Baba, na durƙusa kusa da kunnensa.

"Baba, idan ta gaishe ka, don Allah ka ce babu sauƙi."

"Haba Zakariyya, in yi wa Ubangijina butulci saboda ƙarfe?"

Na'urar ta gangaro. "Malam Ɗanlami, yaya jiki?"

Numfashinsa na sarƙewa, amma leɓɓansa suka fara motsi. Sai tsohuwar da ke jinyar mijinta kusa da mu ta ce, "Ciwon ya taɓa masa kunne, 'yar nan. Ba ya ji."

Baba ya runtse ido. Na'urar ta juya ta nufi gadon mijin tsohuwar.